Haƙoran 'Yan Makaranta a Bagudo: Yadda Za a Sauko da Manufa daga Takarda zuwa Aji

Tun 2006 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufar kula da lafiya a makarantu, a 2012 kuma aka ƙaddamar da manufar lafiyar baki ta ƙasa. Takardun sun faɗi abin da ya kamata: a koya wa yara tsafta, a riƙa duba lafiyarsu, a gyara muhallin makaranta, makaranta ta haɗa kai da gida da gari. Sai dai shugaban firamare a Illo ko Zagga ko Ka'oje ba takarda ce a gabansa ba. Abin da ke gabansa yaro ne da ya kifa kai a kan benci ya dafe kunci, daren jiya bai runtsa ba, gobe kuma ba za a gan shi a aji ba. Likitan haƙori yana birni, kuɗin mota ya fi ƙarfin uban yaron. Wannan shawara tawa ta shugabannin makarantu ce, da 'yan kwamitin kula da makaranta, da malaman asibiti na gundumomin ƙaramar hukumar Bagudo, har zuwa bakin iyaka a Lolo da Tsamiya.

Aikin nan na kullum ne. Ranar 20 ga Maris, wato ranar lafiyar baki ta duniya, akan yi taro a raba buroshi, kuma hakan ba laifi ba ne, amma buroshin da aka raba rana ɗaya ba ya hana kogon haƙori. Abin da ke hanawa shi ne man goge baki mai sinadarin fulorayid ya taɓa haƙorin yaro yau, ya taɓa gobe, har shekara ta zagayo. Ƙasashen da suka ci nasara ta nan suka bi. A Filifin an haɗa goge baki a rukuni da wanke hannu da maganin tsutsar ciki a makarantun firamare. A Sikotilan ma, ƙasa mai arziki da likitoci, ginshiƙin shirinsu shi ne malama ta tsaya a kan ƙananan yara su goge baki kowace rana. Idan masu likitoci a kusa sun dogara da malamin aji, mu da namu ke nesa mun fi su bukatarsa.

Kada ku ce za ku ɗauki makaranta gaba ɗaya a zangon farko. Ku fara da ajin share fage da aji ɗaya zuwa uku, kuma akwai dalili. Wajen shekara 6 turmin farko na dindindin ke fitowa can ƙurya, bayan haƙoran nono, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Saboda babu famfara a wurin, iyaye da yawa suna ɗauka shi ma na nono ne, zai faɗi wani ya maye gurbinsa, sai a ƙyale shi ya rube. Ba zai sake fitowa ba. Shi ne haƙorin da zai yi wa mutum tauna har tsufa, kuma shekarunsa na farko a baki su ne lokacin da ya fi rauni. Idan kun tsare waɗannan turame guda huɗu, biyu sama biyu ƙasa, kun yi babban rabin aikin.

Malam shugaban makaranta, ka ɗora aikin a wuyan mutum ɗaya mai suna, ka rubuta sunan a allon ofis. Idan aka ce aikin kowa ne, ranar da man ya ƙare babu wanda zai faɗa. In da hali a zaɓi malami ko malama 'yan gari, waɗanda ba a cika yi musu canjin wurin aiki ba, a ba su mataimaki saboda ranar uzuri. Sannan ka sa shi a jadawali kamar kowane darasi. Na fi son bayan an dawo daga tara, domin a lokacin ne yara suka gama ciye-ciyensu, kuma masu makara duk sun iso. Minti goma ya isa a farko. Idan yara suka saba, biyar ma ya yi.

Ga yadda za a yi. Yara su fito su yi layi a gefen aji, kowa da buroshinsa. Kada a matsa man daga bututu kai tsaye a kan buroshi ɗaya bayan ɗaya, domin bakin bututun zai ɗauki abin da ke kan wannan ya kai wa wancan. Malami ya ɗiga man a kan faranti mai tsafta, ɗigo-ɗigo da tazara, kowanne kamar ƙwayar wake ƙarama, kowane yaro ya lakato nasa. A goge minti biyu: waje, ciki, da saman turame, a hankali a inda haƙori ya haɗu da dasashi. Yara sukan goge na gaba kawai su tsaya, don haka malami ya riƙa kiran wuraren da baki, sama dama, sama hagu, har a zagaye. Idan an gama a tofar, kada a kurkure. Wannan shi ne abin da zai fi ba iyaye mamaki, sai an yi musu bayani: ɗan abin da ya rage a kan haƙori shi ne maganin, kurkurewa wanke shi take yi. Hakan kuma yana nufin ƙarancin ruwa ba hujja ba ne. Ruwan da ake bukata na ɗauraye buroshi ne kawai, jarka ɗaya da aka huda aka rataye ta isa aji. A haƙa ɗan rami a zuba tsakuwa da yashi, nan za a riƙa tofarwa, nesa da inda ake wasa.

Ajiyar buroshi ita ce wurin da nake so ku fi tsanantawa. Kafinta zai iya huda katako, kowane rami da lamba, lambar ta yi daidai da sunan yaro a rajista. Buroshi ya tsaya kai sama, kada ya taɓa na kusa da shi, ya sha iska ya bushe, a rufa masa tsohon gidan sauro mai tsafta saboda ƙuda da ƙurar hunturu. Kada a tara su a bokiti ɗaya, kada a jiƙa su a ruwa ɗaya, kada wa da ƙani su yi tarayya a guda. Idan makaranta ba za ta iya wannan ba tukuna, ta dakata har ta shirya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A canza buroshi kowane zango, ko da zarar gashinsa ya baje.

Sayen man goge baki a yankinmu yana da nasa sha'ani. Kasuwannin bakin iyaka cike suke da kayan da suka shigo ta Segbana ko Malanbil, rubutunsu da Faransanci, ga kuma na gida masu lambar NAFDAC. Ba ƙamshi ko kumfa ko sunan kamfani za ku duba ba. Ku juya kwalin, ku nemi kalmar da ta fara da fluor, da Turanci da Faransanci duk haka take farawa, sannan ku nemi lamba tsakanin 1000 da 1500 tare da haruffan ppm. Yawancin masu kyau 1450 ne. Wanda ba shi da wannan, komai kyan kwalinsa, ku ajiye shi. Ku duba ranar ƙarewar wa'adi, kuma ku guji wanda ya daɗe yana shan rana a kan tebur. Ba ƙaramin abu ba ne wannan: a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka man goge baki mai fulorayid cikin jerin muhimman magunguna.

Lissafin kuma mai sauƙi ne. Ɗigo ɗaya kusan rubu'in giram ne. Kwanakin karatu a shekara ba su wuce 200 ba, ke nan yaro ɗaya zai ci kusan giram 50. Bututu mai giram 100 ya ishi yara biyu shekara guda. Aji mai yara 60 yana bukatar kusan bututu 30, a ƙara kaɗan saboda ɓarna, da buroshi 180 na zango uku. Da wannan lissafin za ku je wa kwamiti, ba da maganar "a taimaka mana" ba.

A nan dole in yi wani tsokaci. Fulorayid a man goge baki da ake tofarwa alheri ne, amma idan ya yi yawa a ruwan sha illa ne. Mutanen Tibiri da ke kusa da Maraɗi sun san wannan da jikinsu, domin ruwan rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin ya ɓata haƙoran yara masu yawa, ya lanƙwasa ƙasusuwan wasu. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a lita. Idan kun lura yaran ƙauye guda, masu shan rijiya guda, kusan dukkansu haƙoransu na da dabbare-dabbaren fari kamar alli ko ruwan ƙasa-ƙasa da ba ya fita da gogewa, ku rubuta wa sashen ruwa da tsaftar muhalli na ƙaramar hukuma a gwada ruwan. Kada a ce wa yaran ƙazamai.

Asuwaki fa? Kada wani malami ya tsaya gaban yara ya raina shi. Sunna ne, gadonmu ne, kuma yana fitar da dauɗa sosai idan an iya amfani da shi. Matsalarsa biyu: ba shi da isasshen fulorayid, kuma yara kan riƙe shi a baki suna taunawa ba tare da ya kai turame da bayan haƙora ba. A koya musu su tauna bakinsa ya yi laushi, su bi haƙori ɗaya-ɗaya, su yanke bakin da ya tsufa. Inda babu kuɗin buroshi, a shafa ɗigon man a kan asuwakin dogon yaro, aiki ya tafi. Ta wannan ƙofa ce za ku shiga tsangayu da Islamiyyu, inda yara da yawa na wannan yanki suke. Ku je wa alaramma da ladabi, ku ce masa: "Allah gafarta Malam, almajiranka suna alwala sau biyar, muna roƙon a ƙara musu asuwaki da man nan bayan isha'i kafin su kwanta." Gogewar dare ita ce mafi muhimmanci, domin yawu yana raguwa a barci, kuma yawu ne ke kare haƙori. Abin da za a hana shi ne dirzar haƙori da yashi ko gawayi mai kaushi, yana kankare fatar haƙori, ba ta kuma dawowa.

Sai masu talla a ƙofar makaranta. Na san wasu shugabanni kan ce a kore su. Ban yarda ba. Iyayen yaran nan ne da yayyensu, da ribar tallar ake sayen littafi, kuma idan an kore su za su koma bayan katanga ne kawai. A kira su zama ta hannun ƙungiyar iyaye mata. A bayyana musu cewa ƙwayoyin cuta da ke kan haƙori suna cin sukari su fitar da tsami, tsamin ne ke huda haƙori, ba tsutsa ba. Kuma yawan maimaitawa ya fi yawan abin illa: gara yaron da ya sha rake sau ɗaya ya gama da wanda ke tsotsar alawa ɗaya bayan ɗaya tun safe har azahar. Masu mannewa kamar tuwon madara, gullisuwa, cingam mai sukari da mazarƙwaila sun fi daɗewa a kan turame. A roƙe su su ƙara gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, ƙosai, dafaffen ƙwai, gurjiya, da soyayyen kifi tunda kogin Kwara na kusa, su kuma rage sukari a zoɓo da kunu. Wadda ta yarda a ba ta wuri mai inuwa a cikin harabar makaranta.

Sau ɗaya a zango a leƙa bakin kowane yaro. Ba sai da kayan aiki ba. Malami ya wanke hannu, ya tsayar da yaro a hasken rana ko ya haska tocilan, yaron ya buɗe baki da kansa, kada a sa masa komai a ciki. Malami ba likita ba ne, aikinsa ya gani ya rubuta: akwai kogo, akwai ciwo, dasashi na jini, akwai ƙurji. In malamin asibitin gunduma zai zo ranar, ya fi. A yi shi cikin sirri gwargwadon hali, kada a kira sunan yaro a taro a ce bakinsa na wari.

Akwai kuma wanda ba a jira da shi ko kwana ɗaya. Kumburin fuska da zazzaɓi, kumburin da ya kai ƙarƙashin haɓa ko kusa da ido, yaron da ya kasa buɗe baki ko haɗiya, duk asibiti ne a ranar. Sannan cutar noma, wadda ake kira zaizayar baki. Ina so kowane malami a Bagudo ya san alamunta kamar yadda ya san sunayen ɗalibansa, domin yankinmu na arewa maso yamma yana cikin inda ta fi yawa. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da ba su samun isasshen abinci, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Tana farawa da dasashi mai jini da gyambo, da wari mai tsanani, da dalalar yawu, yaro ya ƙi cin abinci. Sai kunci ya kumbura, sai wani wuri ya yi duhu, cikin 'yan kwanaki nama ya mutu ya bar rami a fuska. Idan ba a yi magani ba, har tara cikin goma na iya rasuwa. Amma a matakin farko maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita, kuma wannan ana iya farawa a asibitin da ya fi kusa. Kada a ɓata kwanaki wajen shafe-shafe da turare.

Yawancin masu kamuwa ba su isa shiga makaranta ba, suna gida a bayan uwa. Shi ya sa 'yan aji huɗu zuwa shida suke da amfani a nan: su ne ke goyon ƙanne, su ne ke ba su koko. A koya musu su leƙa bakin ƙannensu, su faɗa wa inna da malam idan sun ga jini ko sun ji wari. A Sakkwato akwai asibitin yara na musamman na cutar noma tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF na tallafa masa tun 2014, kuma magani da tiyatar gyaran fuska kyauta ne. Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka noma cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Idan akwai yaro ko babba a garinku da ake ɓoyewa saboda tabon wannan cuta, ku gaya wa danginsa akwai inda ake gyarawa.

Duba baki ba tare da sanin inda za a tura yaro ba tayar da hankalin iyaye ne kawai. Kafin ku fara, shugaban makaranta da shugaban kwamiti su taka zuwa asibitin gunduma su zauna da mai kula da shi. A yi tambaya a fili: me kuke iya yi a nan, me sai babban asibiti, me sai Birnin Kebbi, a asibitin Sir Yahaya ko na tarayya? Wace rana ce ta fi? A karɓi lambar waya. A shirya 'yar takardar turawa mai sunan yaro da abin da aka gani, malamin asibiti ya sa hannu a dawo da ita. A daidaita tafiya da ranar kasuwa, lokacin da mota ke samuwa kuma uba dama zai shiga gari.

Ku kuma san abin da za ku roƙa. Akwai hanyar cike kogon haƙori da kayan hannu kawai, ba wuta ba injin huda, wadda aka fara a Tanzaniya a shekarun 1980 saboda wurare irin namu. Akwai kuma wani ruwan magani mai azurfa da fulorayid da ake ɗigawa a kogo ya tsayar da ruɓewa, sai dai yana mayar da wurin baƙi, don haka a sanar da iyaye tukuna. Ma'aikacin haƙori ɗaya da jakarsa zai iya yin duka biyu a cikin aji. Idan sakataren ilimi da daraktan lafiya na ƙaramar hukuma suka rubuta takarda ɗaya tare, da sunayen makarantu da adadin yaran da rajista ta nuna suna da kogo, neman ziyarar irin wannan ma'aikaci sau ɗaya a zango ba abu ne da ya fi ƙarfi ba. Gwamnan jiharmu Nasir Idris tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne, reshen ƙungiyar na Bagudo yana da bakin isar da wannan buƙata.

Kafin a kai ga asibiti, a ba yaro farasitamol daidai shekarunsa ya haɗiya, ya kurkure da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. Kada a danna ƙwayar asfirin a kan dasashi, ƙona shi take yi. Kada a sa garin taba, ko fetur, ko ruwan batir. Idan kuma yaro ya faɗo daga mangwaro ko aka yi karo a ƙwallo haƙorin dindindin ya fita ɗungurungum, a ɗauke shi ta kai, kada a taɓa saiwar, a ɗan ɗauraye, a mayar da shi gurbinsa nan take, yaron ya cije tsumma mai tsafta. In ba a iya ba, a saka shi a madara sabuwa, ba nono mai tsami ba, ba ruwa ba, ba takarda ba, a nufi asibiti cikin sa'a guda. Haƙorin nono ba a mayar da shi.

Kuɗin zangon farko ya shiga cikin tsarin inganta makaranta da kwamiti ke rubutawa. A nemi hakimi ko mai gari ya sa baki, a je wa kansila da manyan 'yan kasuwar shinkafa da shanu da lissafin nan na bututu da buroshi. A roƙi kaya, ba tsabar kuɗi ba, a kuma karanta abin da aka karɓa a gaban iyaye.

Bagudo ba harshe ɗaya ba ce. Akwai uwar da Fulatanci ko Dandanci ko Busanci ko Kyanganci ya fi shiga kunnenta, a samu mai faɗa mata da harshenta a taron suna ko ranar awo. Akwai yaran da danginsu ke tsallake iyaka, wata biyu a nan wata biyu a Madekali, da na makarantun makiyaya da ke tafiya da shanu. Irin waɗannan a ba su kati a hannu mai ɗauke da abin da aka gani a bakinsu, ko ina suka je mai duba su ya san inda aka tsaya. Idan ambaliya ta yanke hanya, ko rashin tsaro ya sa aka rufe makaranta, ko hutu ya zo, kada a kulle buroshi a ofis. Kowane yaro ya tafi da nasa, a ba babbar yaya ko uwa bututu ɗaya na gidan, idan an dawo a raba sabbi a sake lambobi.